Ranar da Tero Ya Saki Famfo

Hilario Ledesma ne sunansa, amma in kika shiga garinmu Santa Eulogia kika ce Hilario, sai an tsaya ana tunanin wa kike nufi. Tero kowa ke ce masa, sunan tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu da ke kwarmato a makiyaya da zarar ya ga motsi. Ƙafafun ne suka ja masa sunan tun yana ƙarami, halinsa kuma ya riƙe masa shi har tsufa. Mutum ne da bai taɓa duban abu ya ce lafiya lau ba. In ya kulle shago ya hau keke, sai ya dawo ya girgiza kwaɗon, ya tafi, ya sake dawowa.

Ubansa tatsar shanu yake yi a gonar wasu 'yan Italiya, kuma da haka shi ma zai ƙare. Sai aka yi wani tseren motoci ta hanyar ƙasa da ta bi bayan garkensu, yana ɗan shekara tara. Kowa direbobi yake kallo. Shi kuwa idonsa na kan mutumin da ke zaune gefen direba, yana ta buga wani abu da hannu, yana waiwaye, ƙura ta rufe masa fuska. Daga ranar ya tsani nonon saniya. Ya gudu wajen wani mai gyaran jikin mota a gari, ya koyi bugun ƙarfe da guduma, ya shekara hamsin yana yi. Ya auri Zulema, Allah bai ba su haihuwa ba, ta riga shi tafiya. Motocin mutane ya gyara ba iyaka, amma shi bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Keke ne abin hawansa har yau.

Amininsa Amílcar Bertolotti, wanda muke ce wa Gringo, manomi ne mai shanu da yawa, jajir da shi, ga murya kamar ana kiran garke. Wata rana ya jawo wa Tero ƙashin wata tsohuwar mota ta shekarar 1927 wadda kaji ke kwana a ciki, da hoton wata motar tsere ta zamanin iyayenmu. Ya ce, "Irin wannan nake so." Shekara uku suna abu guda. Gringo ya ji da inji, Tero ya buga jikin da hannunsa yana duban hoton. Abin da ya fito shi ne irin motar da muke kira baket: kujeru biyu kamar bokitai, ba rufi, ba ƙofa, ba gilashi, tankin mai a baya kamar ganga. Suka shafa mata jan fenti, suka sa mata Colorada.

To, irin wannan mota mutum ɗaya ba ya tuƙa ta. Dole sai da ɗan rakiya, kuma aikinsa biyu ne. Na farko famfo. Mai ba ya gangarowa inji da kansa, sai an tura iska cikin tanki da famfon hannu, iskar ta koro shi. Akwai ɗan agogo mai allura a gaban ɗan rakiya, in allurar ta sauka sai ya buga, in ya yi sakaci inji ya mutu. Na biyu ido. An ƙera waɗannan motoci ne tun ƙasarmu na bin hannun hagu, don haka sitiyarinsu a dama yake. Yanzu da muke bin hannun dama, direba na can gefen ciyawa, ɗan rakiya ne a tsakiyar titi. In za a wuce babbar mota, shi ke leƙawa ya ce a wuce ko a tsaya. Ga ƙarar inji ba ta bari a ji magana, sai da hannu. Duka ɗaya a kafaɗa, wuce. Matsa gwiwa, taka birki.

Shekara talatin da ɗaya Tero na zaune a hagun Gringo. Ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci tana da al'ada: duk wanda sakacinsa ya tsayar da mota a hanya, za a rataya masa ƙararrawar saniya a wuya, da ita zai ci abinci, da ita zai yini, kuma ba zai koma gida a motar tsere ba. Kusan kowa ya taɓa sa ta. Gringo ma sau biyu. Tero bai taɓa ba, kuma wannan ne kaɗai abin da yake taƙama da shi a duniya.

A watan Afrilu na shekarar da nake ba ki labari, Gringo ya zo shago da hantsi kamar yadda ya saba. Tero ya zuba shayin mate a ƙoƙo ya miƙa masa. Hannun Gringo ya wuce ƙoƙon ya kamo iska. Ya sake miƙawa, sai da ya karkata kai kamar kaza sannan ya kama.

Tero ya ce, "Kai, lafiya?"

"Rufe ƙofa."

Ashe ya je wajen likitan ido a birnin Rafaela shi kaɗai, a motar haya. Tsakiyar idanunsa ce ke mutuwa, gefe ne kawai ya rage, kuma ba magani.

Ya ce, "Yanzu haka ina ganin kunnuwanka, ba na ganin hancinka. Ba wata babbar asara na yi ba."

Tero bai yi dariya ba. "Mirta ta sani?"

Mirta ita ce 'yar Gringo tilo, ita ke riƙe da gonar yanzu.

"In ta sani gobe za ta kwashe makullai. Tero, sau ɗaya nake roƙo. Bikin Pozo Verde a watan Oktoba. In shiga garin nan da Colorada sau ɗaya, sannan in ajiye da kaina, ba a ƙwace min ba. Ai dama kai ne idona rabin hanya. Sai ka zama idona gaba ɗaya."

"Titin gwamnati ne fa, Gringo. Ba gonarka ba."

"Kilomita arba'in, miƙaƙƙe kamar igiya. Na san shi fiye da gadona. Rantse min ba za ka faɗa ba."

Tero ya rantse. Shi kansa ya ce bai san yadda aka yi bakinsa ya furta ba. Mutumin da ya riƙe masa hannu ranar da aka binne Zulema ne ke roƙonsa, idanun nan na kallon bango bayan kansa.

Suka ƙara wa yaren hannunsu kalmomi. Jan hannun riga, karkato hagu. Tura kafaɗa, koma dama. Da rana tsaka, lokacin da kowa ke hutawa, sai su fita hanyoyin cikin gona su gwada. A can abin na tafiya daidai, don ba kowa sai shinge da shanu. Amma Tero ya daina cin abincin kirki. Wandonsa ya yi masa yawa har sai da ya huda ɗamara. In ya ga yaro ya tsallaka titi a guje sai gabansa ya faɗi, ya tsaya riƙe da keke har yaron ya ɓace. Sau uku yana tafiya gonar da niyyar gaya wa Mirta. Sau ukun ta tarbe shi da "Kawu Tero, shigo ka ci wani abu, ka rame," sai ya ci ya dawo.

Ranar Lahadin bikin ta zo, gari garau. Motoci ashirin da shida suka jeru a gaban coci, motar 'yan sanda a gaba, masu ɗaukar waɗanda suka lalace a baya, Mirta na cikinsu da akori-kura mai jan tirela. Ba a rufe titi ba, ba a taɓa rufewa ba. Tankokin madara ma na kan hanya, tunda shanu ba su san Lahadi ba.

Oreste Gaitán, mahauci kuma shugaban ƙungiya, ya zagayo yana kaɗa ƙararrawar saniyar a kunnen kowa. Da ya zo kan Tero ya ce, "Tsoho, wannan fuskar fa? Biki za mu ko jana'iza?"

Gringo ya ce, "Ƙyale shi, haka aka haife shi. Ungozoma ma sai da ta ba shi haƙuri."

Aka yi dariya, aka ja gilasan ƙura kan idanu, aka tashi.

Kilomita goma na farko lafiya. Hannun hagu na Tero na kan famfo, na dama na kan kafaɗar Gringo, idonsa na tsalle daga allura zuwa titi. Gringo na bin farin layin gefe da gefen idonsa, kansa a karkace. Suka cim ma tankin madara. Tero ya leƙa, ya ga sarari, ya daki kafaɗa, suka wuce, ya tura, suka koma hannunsu. Gringo ya buɗe baki yana ihu don daɗi. Tero ya ji gumi na bin bayansa duk da iskar da ke dukansu.

Bayan gadar rafi, motar da ke gabansu ta ɗan kauce hagu. Da ta kauce sai ga wata mata a kan keke a bakin kwalta, da jakar burodi rataye a hannun keken. Tana gaban Gringo sak, daidai inda idonsa ba ya gani. Tero ya ja hannun riga. Gringo bai motsa ba, ya ɗauka iska ce ke fizgar rigar. Tero ya matsa gwiwa, ya saki famfo, ya cafko sitiyarin da hannu biyu ya fizgo. Tayar baya ta wuce matar da abin da bai kai tafin hannu ba. Da ya waiwaya ya hango ta tsaye cikin ciyawa, keken a kwance, burodi a warwatse, tana ɗaga musu hannu tana zagi.

Gringo ya kawo bakinsa kusa da kunnen Tero ya yi ihu, "Mene ne wancan?"

Ko mutum ce bai sani ba.

Tero ya koma kan famfo yana bugawa. Ya san Pozo Verde, shekara talatin yana shigarta. Babban titin ƙunci gare shi, mutane kan cika shi dama da hagu har sai sun bar 'yar hanya daidai faɗin mota. 'Yan makaranta da fararen riguna sukan ɓalle daga layi su tsallaka don su taɓa motocin. Colorada kuwa ba ta iya tafiya a hankali ba, birkinta a tayoyin baya kawai yake. Can gaba ya hango hasumiyar coci da rumbunan hatsi sun ɓullo. Saura kilomita uku.

Ya ɗauke hannunsa daga famfo ya ɗora a cinya.

Allurar ta fara sauka. Tero na kallonta, ji yake kamar jininsa ne ke zuba. Inji ya yi tari. Gringo ya zungure shi da gwiwar hannu. Inji ya sake tari.

"Buga! Tero, buga mana!"

Bai buga ba. Colorada ta yi 'yar gardama, ta yi shiru, ta gangara kan ciyawa ta tsaya kusa da shingen waya. Shanu suka ɗago kai suna kallonsu. Kafin na baya su iso, Tero ya kwance kan famfon, ya zare 'yar fatar da ke riƙe iska a ciki, ya yage ta da haƙori, ya mayar.

Gringo ya ce a hankali, "Da gangan ka yi."

"Mata ce a kan keke, Gringo. Saura kaɗan."

"Ai mun wuce ta."

"Ni na wuce ta."

Motoci suka tsattsaya. Oreste ya sauko yana goge gilashi. "Me ya samu amarya?"

Tero ya ce, "Fatar famfo ce ta yage. Ban duba ba da safe."

Aka kwashe da ihu. Oreste ya ɗaga hannu sama. "Jama'a, ku shaida! Tero bai duba ba! Mutumin da ke duba aljihunsa ko yana nan!" Wani ya ce a kira mai hoto. Wani ya ce lallai gobe za a yi ƙanƙara. Oreste ya miƙa wa Gringo ƙararrawar don shi ya kamata ya rataya. Gringo ya laluba wuyan Tero ya rataya masa. Aka tura Colorada kan tirelar Mirta, suka shiga Pozo Verde a ƙarshen layi. Yaran suka tsallaka titi ta gabansu kamar yadda suka saba, Mirta na taka musu birki tana dariya.

A zauren ƙungiyar garin aka ci gasasshen nama. Duk motsin da Tero ya yi sai ƙararrawa ta yi ƙara, sai teburi ya amsa da kukan saniya. Ya haɗiye. Kunyar na cin sa, amma a karon farko cikin wata shida ya ji nama ya wuce masa maƙogwaro. A ransa an gama.

Ana cikin shan mate sai ga Oreste ya shigo hannunsa duk baƙin mai, yana washe baki.

"Gringo, albishirinka! Akwai wani baduku a bayan coci, ya yanko mana fata daga harshen tsohon takalmi. Famfo ya tashi, na gwada da kaina. Ƙarfe huɗu za a zagaya dandali da yara, kowace mota ta ɗauki ɗaya a kan tanki. Tunda saniyarmu ba ta da izinin hawa yau, ni zan zauna maka. Bugun famfo ai ba karatun likita ba ne."

Tero ya dubi Gringo. Ya jira ya ji ya ce ya gaji, ko cikinsa na ciwo, ko ma mene ne.

Gringo ya ce, "Madalla. Ƙarfe huɗu."

Oreste bai san jan riga ba, bai san tura kafaɗa ba, bai san akwai abin da zai sani ba. Zai zauna yana ɗaga wa mata hannu. Agogon bango ya nuna uku da kwata.

Tero ya miƙe, ƙararrawa ta yi ƙara, aka yi masa kukan saniya. Ya kama hannun Gringo ya ja shi waje, bayan zauren, wajen da garwashin gashi ke hucewa. Daga nan ana hango Colorada an sauke ta a inuwar bishiya.

"Ko ka faɗa ko in faɗa."

"Ka rantse min."

"Na rantse, kuma zan karya. In Allah ya tambaye ni na san abin da zan ce masa."

"Dandali ne kawai, Tero. Zagaye uku a giya ta ɗaya. Ko jaki zai iya."

"Jaki na gani."

Fuskar Gringo ta ƙara ja. "Kai ba ka taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarka. Ba ka san abin da kake ƙwace min ba. Matsoraci kawai, tun kana yaro."

"Na yarda, matsoraci ne ni. Dubi motarka can. Yara nawa ne a gabanta?"

Gringo ya juya. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya daɗe.

"Biyu."

"Huɗu ne. Ɗaya 'yar ƙarama ce, tana zaune a ƙasa, ta jingina da tayar gaba tana shan alewa."

Gringo ya ci gaba da kallon wajen. Ya ɗaga hannu ya kare rana, kamar rana ce ta hana shi. Tero ya riƙe ƙararrawar da hannu don kada ta yi ƙara. Bai san abin da zai yi ba in Gringo ya ce duk da haka zai hau. Shi ba ƙarfi gare shi ba, kuma a cikin zauren nan ba mai saurarensa yau.

Can Gringo ya ce, "Kira min Mirta."

Ta fito tana goge hannu da tsumma. "Baba, me ya faru? Kun yi faɗa ne kamar yara?"

Da bakinsa ya faɗa mata, a tsaye, a gajarce. Ta sa hannu a gaban fuskarsa ta motsa, ta ga idon bai bi ba. Ta rungume shi tana kuka. Sannan ta ɗago ta dubi Tero.

"Kawu, tun yaushe ka sani?"

"Afrilu."

"Afrilu. Ka zauna a teburina sau nawa? Ka bar shi ya hau titi, ni ina bayanku ina waƙa a mota?"

Ta juya ta je ta gaya wa Oreste abin da ake ciki, ta ce a mayar da Colorada kan tirela. Oreste ya zo ya cire wa Tero ƙararrawar, ya rasa inda zai sa idonsa. Aka yi zagayen dandali da motoci ashirin da biyar. Tero ya koma gida a motar wani maƙwabci, don Mirta ta ce ba wuri a gaban akori-kurarta.

Gringo bai sake tuƙi ba. Bai kuma taka shagon Tero ba har sanyi ya shigo, wata takwas ke nan. Ranar da ya zo bai yi maganar Pozo Verde ba, ya zauna a kujerarsa ya ce mate ɗin ya yi sanyi, Tero ya ce harshensa ne ya tsufa. Yanzu duk Alhamis yana zuwa. Tero na da shekara saba'in da tara, guduma ta yi masa nauyi, sai 'yan ƙananan gyare-gyare, amma yana buɗe shagon kullum.

Mirta ce ke kawo ubanta. Takan tsaya a ƙofar shago, ba ta kashe mota, ta jira ya sauka ya kama hannun Tero, sannan ta ja. Takan ɗaga wa Tero hannu dai ta gilashi. Ɗaga hannun ma sai bara ta fara.